Tagar Bayan Adaidaita Sahu: Sana'ar Masu Ɗinkin Tamfol a Wudil

Ranar Juma'a kasuwar Wudil take ci, kuma a ranar babu irin abin hawan da ba ya bin titin garin. Tireloli sun yi lodin shanu a Kara za su Kudu. Motocin haya sun nufi Gaya da Dutse da Birnin Kudu. A tsakaninsu kuma adaidaita sahu ne ke kurɗawa, ɗauke da mata da buhuna da kwandunan kaji daga Utai da Indabo da Lajawa da Darki. Wanda ya tsaya a gefen hanya ya bi waɗannan kekuna da kallo ta baya, zai lura da wani abu da ido ya saba tsallakewa. A jikin rumfar akwai 'yar taga ta leda. Ta wani garau take, har kana hango ƙeyar direba. Ta wani ta rine ta koma ruwan ɗorawa. Ta wani ta dafe ta tsattsage, an lalliƙe ta da salatif. Wani kuwa ya gaji da ita, ya toshe gurbin da yankin buhu.

Akwai mutanen da wannan taga, da rumfar da ke riƙe da ita, su ne hanyar abincinsu. Masu ɗinkin tamfol ake ce musu, wasu su ce masu kushin, domin galibi hannu ɗaya ke yin ayyukan biyu: ya ɗinka rumfa, ya sake wa kujera soso da riga. Wurin zamansu ba ya nisa da tasha ko garejin kanikawa, maƙwabtansu mai walda da mai faci da mai fenti. Jarinsu keken ɗinki mai ƙarfi, faffaɗan tebur, almakashi, alli, basilla, gwangwanin gam, da 'yan bandir na tamfol da leda jingine a bango.

A ganina, ba a wajen ɗinka sabuwar rumfa ake gane gwani a wannan sana'a ba. Duk wanda hannunsa ya faɗa a keke zai iya shimfiɗa tsohuwa ya kwaikwayi yankanta. Inda aikin yake shi ne a kawo maka rumfar da ta sha rana shekara da shekaru, ka tantance abin da ya mutu a jikinta da abin da ke da sauran kwana, ka cire mataccen ka dasa sabo, ba tare da ka ƙarasa mai sauran kwanan ba. Canjin tagar baya shi ne jarrabawar wannan ilimi.

Yadda sana'ar ta kafu

Ɗinkin abu mai tauri ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Dukawa sun daɗe suna ɗinka takalma da jakunkuna da kayan doki, kuma da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, takalman Kano da jemammun fatunta suna cikin hajar da ya rubuta cewa fatake na kai su ƙasashe masu nisa. Ba lallai ne mai tamfol na yau ya fito daga gidan dukanci ba, amma darasin farko na baduku shi ma nasa ne: a jikin fata da leda, ramin da allura ta huda ba ya rufewa.

Da mota ta zo, ta zo da nata aikin. Manyan motocin da ke jigilar gyaɗa da auduga da hatsi sai da tamfol, in ba haka ba ruwan sama ya lalata kaya. Motocin Land Rover na zamanin En'e da dama rufin zane gare su. Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, akori-kura ƙirar 404 da 504 suka cika hanyoyin kasuwannin ƙauye, da yawansu da rumfar tamfol a kan ƙarafa. A kan waɗannan tsofaffin masu sana'ar suka goge.

Keke mai ƙafa uku ne ya buɗe musu babbar kasuwa. Ya fara yin suna a Legas zamanin mulkin Buba Marwa, a ƙarshen shekarun 1990, sannan shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya, NAPEP, wanda aka kafa a 2001, ya yaɗa shi a jihohi. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi a 2005 don ɗaukar mata, kuma sunan shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, ya bi keken har yau. Babban sauyi ya zo a Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a birnin Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Dubban 'yan acaba suka koma adaidaita.

Wudil tana da nisan kilomita 40 da ɗoriya daga birni. Babur bai bar titunanta ba, amma keken ya iso ta ya zauna daram. Ga kasuwa, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda. Ɗalibi mai akwati da uwargida mai cefane duk sun fi son inuwa a kan gindin babur. Kekunan Bajaj da TVS na ƙasar Indiya da rumfarsu suke zuwa. Injin yakan yi shekaru ana gyara shi yana tafiya. Rumfar ba ta kai injin daɗewa, tagar kuma ba ta kai rumfar.

Abin da ke kashe leda

Ledar tagar nan da bututun robar da ake jan ruwa da shi a gidaje asalinsu ɗaya ne, sinadarin da ake kira PVC. Shi a karan kansa mai tauri ne, ba ya lanƙwasuwa. A 1926 wani masanin sinadarai a Amurka, Waldo Semon, yana aiki da kamfanin B.F. Goodrich, ya gano cewa idan aka dafa shi da wasu sinadarai masu maiƙo yakan yi laushi har a naɗe shi. Daga nan aka samu ledar ɗaki da rigar wayar lantarki da tamfol na zamani, da wannan leda da ake gani ta cikinta.

Sai dai maiƙon ba ɗaure yake da ledar ba, zama kawai yake yi a cikinta. Zafi na fitar da shi sannu a hankali. Yana fita leda tana bushewa tana ƙanƙancewa, tana jan ɗinkin da ke gefenta. A ɗaya gefen kuma, a cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda ke farfasa ginin ledar kanta, sinadarin kulorin da ke cikinta ya riƙa ɓallewa. Wannan ne ke jawo rinewar nan daga garau zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa ruwan ƙasa. Ba dauɗa ba ce balle a wanke. Man goge leda yana iya rage ƙananan ƙarce da dusashewar sama-sama, amma wadda ta rine har ciki ta bushe, babu abin da zai dawo da ita.

Kowane lokaci na shekara kuma da irin ɓarnar da yake yi mata. Da bazara, a watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ina ga baƙar rumfar da ta wuni a tasha. Da hunturu ƙura ta kwanta, direba ya wayi gari ya sa busasshen tsumma ya goge. Ƙurar nan kuwa ƙananan ƙwayoyin yashi ce, duk gogewa ɗaya ƙarce ne da ba ya fita. Ledar da ta riga ta bushe, a sanyin asubahin Disamba da Janairu, buhu na tokarinta ko yaro na danna ta sai ta tsage. Da damina ruwa ya bi ramukan allura ya kwanta a cikin kalmasa, zare ya ruɓe, ƙarfen rumfa ya yi tsatsa ya riƙa cin tamfol ta ciki. Sai kuma wanda ake jawowa da hannu: tsumman da aka goge inji da shi, mai jiƙe da fetur, idan ya bi ta kan leda yakan tsotse maiƙonta ya bar ta da hazo.

Yadda ake canja ta

Direba yakan iso da maganarsa a shirye: "Oga, taga kawai za a sake min, sauri nake." Mai sana'ar kirki ba ya ɗaukar almakashi sai ya zagaya keken tukuna. Zai kama tamfol ɗin da ke kewaye da tagar ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya ga ko fuskarsa tana ɓarewa. Zai sa farce ya karci zaren ɗinki. Idan ya zube kamar gari, to zaren rumfar gaba ɗaya ya gama aiki. Zai leƙa ta ciki ya duba inda ƙarfe ke goga. Idan tamfol ɗin ya ruɓe, sabuwar leda mai ƙarfi ita za ta yaga shi cikin 'yan makonni. A nan ne zai ce: "Malam, wannan ba za ta riƙe ɗinki ba. Ko dai mu sake bayan gaba ɗaya, ko ka yi haƙuri ka tara na sabuwa." Faɗar wannan magana, alhali ga kuɗin aiki a hannun mutum, tana cikin sana'ar.

Idan rumfar ta ci jarrabawa, ba a cire ta sai an yi mata alama da alli tana kan ƙarfenta: tsakiyar sama, tsakiyar ƙasa, da inda kowane maɗauri yake. Sannan a kwance ta, a wanke, a shanya ta sha rana ta yi laushi. Ita ma sabuwar ledar akan shimfiɗa ta a rana na ɗan lokaci don lanƙwasar bandir ta saki.

Daga nan sai abin da ya raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana ganin matacciyar taga hannunsa zai kai ga yanke ta. Gwani ba ya taɓa ta sai a ƙarshe. Dalili kuwa, tsohuwar ledar, duk da lalacewarta, ita ke riƙe da siffar gurbin. Kana cire ta tamfol zai saki, kusurwa ta karkace, abin da yake murabba'i ya koma wani iri. Ka ɗinka sabuwa a haka, ranar da aka mayar da rumfar kan ƙarfe sai ka ga tattara ta ko'ina. Saboda haka sai a yanko sabuwar ta ɗara gurbin da kamar faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, a ɗora ta ta ciki a kan tsohuwar, a daidaita alamomin tsakiya, a kafe gefenta da ɗan gam ko salatif mai manne fuska biyu. Ba a soka mata fil yadda tela ke yi wa yadi. Fuskarta kuma akan rufe ta da takarda don kada teburin keke ya ƙarce ta tun ba ta fita shago ba.

Wajen ɗinkin kansa, abu na farko tsawon taku. Telan shadda yana alfahari da ƙanana-ƙananan taku a jere. A jikin leda wannan halaka ce. Dubi littafin rasit, yadda ake jera masa ƙananan ramuka don takarda ta yage a kan layi ba gardama. Haka leda take yi idan allura ta matse ramukanta. Don haka ake buɗe takun keke ya kai kamar rabin santimita, kuma ba a komawa baya a maimaita a wuri ɗaya sai da larura. Akan yi layi biyu, ɗaya kusa da bakin gurbi, ɗaya a wajensa, domin su raba nauyin ja. Kusurwa kuma ba a yi mata tsini, sai a zagaya ta, saboda daga tsinin kusurwa tsaga take farawa.

Abu na biyu, leda tana manne wa 'yar ƙafar da ke danne ɗinki. Haƙoran keke na jan tamfol ta ƙasa, leda tana turjewa ta sama, kafin ka kai ƙarshen layi ɗaya ya wuce ɗaya. Akwai keken masana'anta mai ƙafar da ke takawa tare da ɗinkin, wanda aka ƙera musamman don irin wannan aiki, amma ba kowa ke da kuɗinsa ba. Mai keken takawa irin Butterfly ko tsohuwar Singer da dabara yake cin nasa: ya shimfiɗa siririyar takarda a kan layin ya ɗinka da ita daga baya ya yage, ko ya barbaɗa ɗan hoda, yaro kuma yana bayan keke yana tallafe da nauyin rumfar don kada ta ja allura ta karye.

Abu na uku zare. Na auduga ruwa ke ruɓar da shi. Na nailan yana da ƙarfi ranar farko, amma rana tana saurin cinye shi. Na foliyesta mai kauri ya fi su jure rana da ruwa. Ɗan adaidaita ba zai gane bambancin ba ranar da ya karɓi aiki, sai bayan damina ɗaya.

Sai an gama duk wannan ake juya rumfar a fitar da tsohuwar ledar. Nan ne numfashi ke tsayawa, domin sabuwar tana kwance a ƙarƙashinta, tsinin almakashi na zamewa aikin wuni ya tashi a banza. Gwani yakan zura kwali tsakanin ledojin biyu, ya bi bakin ɗinki a hankali. Sannan ya gyara bakin gurbin, ya bi layin ƙasa da gam ta ciki, domin a nan ruwa ke taruwa ya nemi ramin allura.

Mayar da rumfa kan ƙarfe shi ma da ƙa'idarsa. Daga tsakiya ake fara ɗaurewa a tafi gefe da gefe. Leda tana saki da zafi, tana ɗaurewa da sanyi. Wanda ya ja ta iya ƙarfinsa da tsakar rana, sanyin asuba zai ƙara mata ja har ta nemi ɓalle ɗinki. Wanda kuma ya bar ta sako-sako, iskar titi za ta riƙa kaɗa ta har ta karye a lanƙwasa. Tsakanin biyun babu ma'auni sai tafin hannun da ya saba.

Kaya, kuɗi da lokaci

Daga birni ake saro kayan aiki, a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai da Sabon Gari, da yadi ake aunawa. Leda kuwa iri-iri ce. Akwai shara-shara irin wadda ake rufe tebur da ita, akwai mai kauri da ta doshi milimita ɗaya, akwai kuma wadda aka zuba wa sinadarin kariya daga rana tun a masana'anta. A ido duk garau suke ranar saye. Mai sana'a da yatsa yake gane su: ya lanƙwasa kusurwa ya ga ko za ta bar farin layi, ya ji santsinta da nauyinta. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ma yin araha, domin kuɗin ɗinki ɗaya ne ko da wace leda, ga shi kowane canji sabon layin ramuka ne a jikin tamfol. Rumfar da aka sake wa taga sau uku da shara-shara, ba rana ce ta kashe ta ba, allura ce.

Amma wanda ya san lissafin ɗan adaidaita ba zai yi saurin ganin laifinsa ba. Da yawansu ba su ne masu keken ba. Kullum sai sun kai balas, ko kuma suna biyan kuɗin keken kaɗan-kaɗan. Ga mai, ga kuɗin tasha, ga cefanen gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har da tamfol da leda da zare. Wanda a da zai ce a yi masa sabuwa, yanzu cewa yake a lallaɓa masa wannan. Hakan ya ƙara wa gyara daraja, ya kuma ƙara wa mai gyara nauyi. Ga shi direba yana tsaye a kansa, domin duk sa'ar da keke ya yi ba rumfa, fasinja ne ke wucewa.

Kasuwar sana'ar da hadari take buɗewa. Ana fara ganin gajimare a gabas a watan Mayu zuwa Yuni, sai layi ya kafu: wannan taga, wannan yoyo, wancan labulen gefe mai ledar gani don kare fasinja daga feshin ruwa. Da rani kuma sai a koma kan kushin da kujerar babur, facin tamfol na motocin hatsi, rumfunan 'yan kasuwa da na taron biki. Ragowar yanka ba a zubarwa. Da shi ake faci, da shi ake ƙarfafa inda ƙarfe ke goga.

Can ma haka suke fama

Wannan ciwo ba na adaidaita kaɗai ba ne. A Turai da Amurka da Japan akwai ƙananan motocin shaƙatawa masu rufin zane da ake naɗewa baya idan gari ya yi daɗi. Shekaru da dama tagar bayansu ta leda ce, saboda ba ta da nauyi kuma tana naɗuwa tare da rufin. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, tagar leda gare ta mai zif. Sai a ƙira ta biyu, a 1998, aka koma gilashi. Porsche Boxster ta fito a 1996 da leda, ba ta samu gilashi ba sai ƙirar 2003. Mercedes SL da aka ƙera daga 1989 zuwa 2001, duk tsadarta, tagogi uku na leda ke bayan rufinta na zane.

Yau waɗannan motoci sun tsufa, masu su kuma suna fama da rinewa da tsagewa irin ta tashar Wudil sak. Wadda aka yi wa taga mai cirewa da zif, canjinta da sauƙi. Wadda aka ɗinke ko aka manne da zafi a masana'anta, sai an kwance rufin an kai wa mai ɗinki, shi ma ya yanke shawarar da namu ke yankewa: zanen zai riƙe sabon ɗinki, ko a sake rufin ɗungurungum? Kaurin ledar da suke sawa daga kashi uku cikin huɗu na milimita ne zuwa milimita ɗaya. Gargaɗin da suke yi wa masu motar shi ne dai wanda ya kamata ɗan adaidaita ya ji: kada a naɗe ta cikin sanyi, kada a goge ta a bushe. A can aiki ne na ƙwararru da ake biya da tsoka. A nan irin waɗannan motoci ba su da yawa, don rana da ƙura ba su bar wa mutum sha'awar buɗe rufi ba, amma ilimin ɗaya ne. Hannun da ya iya tagar adaidaita ya riga ya san mafi yawan abin da tagar Mercedes ke bukata.

Koyo da tarbiyya

Yaron da aka kawo koyo ba ya hawa keke da wuri. Da farkar tsohon ɗinki yake farawa, kuma a nan yake ganin inda aikin wasu ya riƙe da inda ya saki. Daga nan wankin rumfa, yankan soso, tallafe tamfol a bayan maigida. Idan hannunsa ya nuna, a ba shi miƙaƙƙen layi a jikin tamfol na babbar mota, inda ɗan karkacewa ba ya kashe aiki. Sai kujerar babur, sai kushin mai lanƙwasa. Taga ce ta ƙarshe. Ranar da maigida ya miƙa masa almakashi ya ce, "Kai, zo ka fitar da tsohuwar," ya kuma juya ya ci gaba da wani aikin, yaron ya san yaye ya kusa.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon iyayen gidan wannan sana'a su tsaya a kansu. Na farko gam. Warinsa a rufaffen shago yana hawa kai, kuma kowa ya san yadda shaƙar sholisho ta lalata matasa a garuruwanmu. Gwangwanin ya zauna a hannun babba, a rufe, a yi aiki da shi inda iska ke ratsawa. Na biyu ƙona ragowar leda. Hayaƙin PVC guba ne mai cin ƙirji da ido. Da sanyin hunturu yara kan tattara tarkace su hura wuta su ji ɗumi. Kada guntun leda ko na tamfol ya shiga wannan wuta.

Abin da ya rage a yi

Tagar nan ba kwalliya ba ce. Titin da ya ratsa Wudil babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ce, tirela da tanka ba sa yankewa a kanta. Direban da zai ja baya a cunkoson kasuwa, inda yara da awaki ke gilmawa, madubin gefe ba ya nuna masa abin da ke daidai bayansa. Tagar tana shigo da haske cikin keke, tana kuma bari na waje ya ga na ciki, abin da ke kwantar wa mace hankali idan ta hau ita kaɗai da yamma. Wanda ya toshe ta da buhu ya rage wa kansa gani, ya rage wa fasinjansa aminci. Shugabannin tasha da ke duba lambar keke da katin ƙungiya, babu abin da zai hana su riƙa duba wannan ma, musamman gab da damina.

Masu sarin leda su riƙa faɗar kaurinta da gaskiya, mai ɗinki kuma ya ajiye iri biyu ya nuna wa direba ya zaɓa da saninsa. Jami'ar da ke garin tana da rawar da za ta taka wadda ba ta bukatar kuɗi mai yawa: ɗalibin sinadarai ko injiniya ya sayo kowace irin ledar da ke kasuwa, ya ɗinka su da zare iri-iri, ya kafa su a kan rufi su sha bazara da damina da hunturu, sannan ya rubuta sakamakon da Hausa a kai wa masu sana'a. Abin da kowannensu ke koya da asarar abokin ciniki, gwajin shekara ɗaya zai bayyana shi ga kowa. Shi kuma ɗan adaidaita nasa mai sauƙi ne: ya watsa ruwa kafin ya goge, ya ware wa tagar tsummanta mai laushi, ya nemi inuwa idan zai daɗe a tsaye, kada kuma ya jingina mata kaya.

Kekuna masu aiki da iskar gas da masu batir sun fara shigowa Arewa. Idan suka yawaita, bakanike sai ya sake koyo, mai sayar da man inji sai ya sake lissafi. Amma ko da me keken yake tafiya, fasinja zai bukaci inuwa, direba zai bukaci ganin bayansa, rana kuma ba za ta fasa cin leda ba. Uban da ke neman inda zai kai ɗansa koyon sana'a a Wudil, ya sa shagon mai tamfol a lissafinsa. Ya dai nemi maigidan da ke zagaya keke kafin ya ɗauki almakashi, wanda kuma yake iya ce wa mai kuɗi a hannu rumfarsa ba za ta riƙe ɗinki ba.